Harshen Labarin Jari a Kafofin Yaɗa Labarai: Tsokaci Daga Kasuwar Mubi

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Janairu na 1939, lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta na farko, aikin jarida ya zama ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da sababbin kalmomi ke bi su shigo Hausa. Editan jarida da mai fassarar labaran rediyo sukan riga malamin jami'a cin karo da sabon abu, kuma sau da yawa sunan da suka raɗa masa cikin gaggawa shi ne yake zama a bakin jama'a. Saboda haka, nazarin harshen 'yan jarida nazari ne na yadda al'umma take fahimtar duniyar da take ciki.

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan wani nau'in labari da ya bunƙasa a Nijeriya bayan shekarar 2010, wato labarin sababbin kamfanonin fasaha da irin jarin da ake zuba musu daga ƙasashen waje. A nan za a riƙa kiran su kamfanoni masu tasowa, jarin kuwa a kira shi jarin kasada, domin mai zuba shi ya san yana iya rasa shi baki ɗaya. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, wannan labari yana isa kunnen mai jin Hausa a gurguje, ta hanyar fassarar kalma da kalma, alhali kuwa Hausa tana da tsohuwar taskar kalmomin ciniki da za ta iya fayyace shi fiye da yadda ake yi. An zaɓi garin Mubi na Jihar Adamawa a matsayin ma'auni.

2.0 Dalilin Zaɓar Mubi

Mubi gari ne na kan iyaka, a gindin duwatsun Mandara, kusa da ƙasar Kamaru. Yana cikin yankin da Jamus ta mulka, daga baya Ingila ta riƙe shi amana, har zuwa ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 wadda ta shigar da yankin cikin Nijeriya, aka kafa Lardin Sardauna da hedikwata a Mubi. A cikin garin da kewayensa ana jin Fulatanci da Gude da Fali da Nzanyi da Kamwe da Margi, amma Hausa tana cikin manyan harsunan da ake ƙulla ciniki da su tsakanin waɗannan al'ummu. Kasuwar shanunsa tana cikin manya a Arewa maso Gabas: dabbobi suna shigowa daga Kamaru da Cadi, a loda su a manyan motoci zuwa Kudu, naira da sefa kuma suna ta sauya hannu.

Abubuwa uku sun girgiza wannan kasuwanci cikin shekara goma. A ƙarshen Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye garin, jama'a suka watse, harkokin banki suka tsaya, kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba. A Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe kan iyakokin ƙasa na tudu. Sannan a Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, abin da ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023. Wannan na ƙarshe shi ne ya tura ɗimbin 'yan kasuwa a duk faɗin ƙasar zuwa ga tura kuɗi ta waya da kuma na'urar cirar kuɗi ta hannu, wadda ake ganin masu ita a ƙarƙashin laima a bakin kowace kasuwa.

Yawancin waɗannan na'urori na kamfanoni ne irin su Moniepoint da OPay da PalmPay, kuma dukansu da jarin kasada suka girma. An kafa Moniepoint a 2015 da sunan TeamApt, a Oktoba na 2024 kuma aka zuba masa dala miliyan 110. OPay ya samo asali ne daga kamfanin Opera, wanda 'yan kasuwar ƙasar Sin suke da rinjaye a cikinsa, kuma a Agusta na 2021 aka zuba masa dala miliyan 400 ƙarƙashin jagorancin SoftBank na Japan. PalmPay kuwa ya tashi da goyon bayan Transsion, masu ƙera wayoyin Tecno da Itel. Ke nan dillalin shanu a Mubi, ko ya sani ko bai sani ba, kuɗinsa yana bi ta hannun kamfanonin da ake yanke shawararsu a Legas da Landan da Tokiyo. Yana da haƙƙin ya ji labarinsu cikin harshen da yake ciniki da shi.

3.0 Jaridun da Suke Bibiyar Jarin

Masu ba da wannan labari tun daga tushe jaridu ne na intanet masu zaman kansu, da Ingilishi suke rubutu. Daga cikinsu akwai TechCabal da aka kafa a Legas a 2013, da Techpoint Africa a 2015, da Rest of World wadda ta fara a 2020 domin bibiyar fasaha a ƙasashen da ba na Yamma ba. Dole a yaba musu. Da farko akasarin aikin wannan fanni bai wuce shelar wane ya samu miliyan kaza ba, amma a hankali aka fara bincike. Ta hanyar irin waɗannan jaridu ne masu karatu suka bi diddigin rushewar kamfanin 54gene a 2023, bayan an zuba masa kimanin dala miliyan 45, da kuma durƙushewar kamfanin Dash na Gana a shekarar, inda rahotanni suka nuna an kumbura yawan masu hulɗa da shi domin a burge masu jari.

Duk da haka, akwai gurabe biyu da ya kamata mai nazari ya lura da su. Na farko ya shafi 'yancin kansu. Kamfanin Big Cabal Media, mai TechCabal, shi ma an zuba masa jarin kasada na dala miliyan 2.3 a 2022. Rest of World ba don riba aka kafa ta ba, amma wadda ta kafa ta, Sophie Schmidt, 'yar tsohon shugaban Google ce. Jaridun wannan fanni kuma sukan dogara ga tallace-tallace da tarukan da kamfanonin da suke ba da labarinsu ne suke ɗaukar nauyinsu. Wannan ba hujja ba ce ta cewa suna ƙarya. Sai dai a kasuwar shanu kowa ya san dillali yana da la'ada a cinikin, don haka mai saye yakan auna yabon da dillalin ya yi wa saniya da wannan sani. Mai karanta jarida shi ma yana bukatar ya san inda la'adar take fitowa. Tambayar ba sabuwa ba ce a tarihin jaridar Hausa, domin ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo hukuma ce ta kafa ta.

Gurbi na biyu ya shafi mahanga. Wanda aka rubuta labarin dominsa shi ne mai jari da mai neman jari. Mutumin Mubi ko na Maiduguri yakan fito ne a matsayin adadi, wato ɗaya daga cikin miliyoyin da “ba su da banki”, kasuwar da ake fatan ci. Da wuya a ji muryarsa a kan cajin da ake yanka masa, ko kuɗin da ya maƙale tsakanin banki da banki alhali an riga an loda shanu.

Idan aka juya ga kafofin Hausa, akwai Aminiya da Leadership Hausa da Premium Times Hausa, ga sassan Hausa na BBC da Muryar Jamus da Rediyon Faransa, ga gidajen rediyo masu zaman kansu. Ƙarfinsu ya fi karkata ga siyasa da tsaro da farashin kayan masarufi. Labarin jarin kasada, idan ya shigo, yakan shigo ne fassararre daga Ingilishi, shi kuma na Ingilishin sau da yawa daga sanarwar kamfani ya samo asali. Abin ya zama ruwan da aka tace sau biyu, kuma a tacewa ta biyu ne matsalolin harshe suke kunno kai.

4.0 Matsalolin Harshe

Jumlolin da za su biyo baya an gina su ne domin misali, a bisa ƙirar da mai sauraron labarai ya saba ji.

4.1 Aikatau “samu” da “tara”

(1) Kamfanin ya samu dala miliyan ɗari.
(2) Kamfanin ya tara dala miliyan ɗari.

A Hausar kasuwa, idan aka ce ɗan kasuwa “ya samu”, abin da ake fahimta shi ne ya ci riba. Idan kuma aka ce “ya tara”, ana nufin ya yi tattali har dukiya ta taru a hannunsa. Babu ɗaya daga cikin ma'anonin nan biyu da ta dace da abin da ya faru. Gaskiyar al'amari ita ce masu kamfanin sun sayar da wani kaso na mallakarsa, suka karɓi kuɗin domin su kashe wajen faɗaɗa aiki, kuma mai yiwuwa ne kamfanin bai taɓa cin ribar ko kwabo ba. Jumlar da ta fi kusa da gaskiya ita ce:

(3) Masu kamfanin sun sayar da wani kaso na kamfanin a kan dala miliyan ɗari.

Bambancin (1) da (3) babba ne. Ta farko tana sa mai sauraro ya ɗauka kamfanin ya ƙara ƙarfi. Ta uku tana sa shi ya yi tambayar da ta kamata: wa ya saya, kuma me yake jira a biya shi da shi?

4.2 Suna “daraja”

(4) Darajar kamfanin ta kai dala biliyan biyu.

Kalmar “daraja” a Hausa ta haɗa ƙima da mutunci, kuma tana ɗauke da ma'anar abu tabbatacce. Adadin da ake ambata a irin wannan labari kuwa lissafi ne kawai. Idan mai jari ya biya miliyan goma ya karɓi kashi ɗaya cikin goma, sai a ninka a ce kamfanin ya kai miliyan ɗari. Daidai yake da mai garken shanu ɗari da ya sayar da bijimi ɗaya a ranar da kasuwa ta yi kyau, sannan ya ninka kuɗin sau ɗari ya ce abin da garkensa ya kai ke nan. Duk wanda ya san tike ya san ba haka ciniki yake tafiya ba, domin ranar da aka kora garken duka kasuwa, wani tayin dabam za a ji. Kalmar “ƙiyasi” ta fi dacewa: an ƙiyasta kuɗin kamfanin bisa cinikin ƙarshe da aka yi. Shi ƙiyasi yana hawa yana sauka, kuma Bahaushe ya san haka.

A nan ne ya kamata a ambaci laƙabin da Amurkawa suka ƙirƙira a 2013 domin kamfani mai tasowa da ƙiyasinsa ya kai dala biliyan ɗaya, wato sunan wata dabbar almararsu, doki mai ƙaho ɗaya a goshi. An laƙaba wa Flutterwave wannan suna a 2021, Moniepoint kuma a 2024. Aro ko fassara wannan laƙabi bai ƙara wa mai jin Hausa komai ba, domin dabbar ba ta cikin tatsuniyoyinsa. Bayani a fili ya wadatar.

4.3 Yankin jumla “zuba jari”

Wannan ita ce matsala mafi haɗari. Da “zuba jari” ake fassara sayen hannun jari a kasuwar hada-hada, da shi ake fassara jarin kasada, da shi kuma 'yan damfara suke tallata hajarsu. Tsarin MMM, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ya daskarar da kuɗin jama'a a Disamba na 2016. Dandalin CBEX, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ya rufta da dukiyar mutane a Afrilu na 2025. A duk lokutan biyu, kalmar da ta yi ta yawo a bakin jama'a ita ce zuba jari. Mutumin da ya saba jin cewa Turawa suna “zuba jari” a kamfanin waya kamfanin yana “samun” biliyoyi, ba abin mamaki ba ne idan ya gaskata wanda ya zo masa da manhaja ya ce shi ma ga tasa damar. Harshen labarin bai ba shi abin da zai bambance biyun da shi ba.

Akwai kuma matsakaicin hali. A 2020 kamfanin ThriveAgric, wanda yake aiki da manoman Arewa kuma yake karɓar kuɗin jama'a ta intanet domin noma, ya kasa biyan masu kuɗin a kan lokaci. Kamfani ne na gaske mai aiki na gaske, ya kuma ci gaba da aiki daga baya, amma lamarin ya nuna cewa da yawa daga masu ba da kuɗin sun ɗauki jari a matsayin ajiya. Kalma ɗaya ba za ta iya ɗaukar ajiya da bashi da tarayya da caca a lokaci guda ba tare da ta ɓatar da wani ba.

5.0 Taskar Kalmomin Gida

Ba da jari ga mai ƙwazo marar kuɗi tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya gina kasuwancinsa na goro da gyaɗa ta hanyar yaran da yake ba kuɗi su shiga ƙauyuka saye. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda maigida yake tsayawa tsakanin fataken shanu na Arewa da mahautan Yarbawa, a ba da shanu bashi bisa amincinsa. Daga wannan rayuwa ne harshen ya samu kalmomi irin su uwar kuɗi, riba, faɗuwa, karyewa, tayi, sallamawa, la'ada, kamasho, lamuni, jingina, adashi da tarayya. Kowace tana da iyakarta, kuma ɗan kasuwar Mubi ba ya rikita ɗaya da ɗaya.

Bugu da ƙari, littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, kamar Risala, suna da bayanin ƙiradi, wato yarjejeniyar da wani zai ba da dukiya wani ya yi aiki da ita. Ƙa'idarsa a fili take: ana raba riba bisa kason da aka amince, rabi ko sulusi ko makamancin haka, idan an faɗi ba tare da sakacin mai aiki ba, asarar dukiya tana kan mai dukiya, kuma ba a yanka wa mai dukiya wani tabbataccen adadi tun farko. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, ya sake kawo irin waɗannan kalmomi cikin harkar banki. Muhimmancin wannan ga ɗan jarida shi ne, al'adar mai sauraronsa ta riga ta tanadi ma'aunin gane damfara: duk wanda ya lamunce maka riba tabbatacciya, to abin da yake kira jari ya saɓa wa abin da aka sani da jari.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Jarin kasada bai yi daidai da ƙiradi ta kowace fuska ba. Ya fi kusa da tarayya, domin mai jarin yana sayen kaso ne na mallaka. Haka kuma ba rabon ribar shekara yake jira ba. Asusun irin wannan jari yakan yi wa'adin kimanin shekara goma, kuma burinsa shi ne ya sayar da kasonsa da tsada, kamar yadda ya faru a 2020 lokacin da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Ya san yawancin kamfanonin da ya zuba wa kuɗi za su mutu, yana fatan ɗaya ko biyu su biya asarar sauran. Wannan shi ne dalilin da ya sa kamfani kan fara da araha da garaɓasa domin ya tara jama'a, daga baya caji ya hau. Aikin ɗan jarida shi ne ya fara da abin da mai sauraro ya sani, sannan ya nuna masa daidai inda sabon abu ya saɓa.

Misali ɗaya zai nuna irin labarin da ake bukata. A Afrilu na 2024 Babban Banki ya dakatar da OPay da Moniepoint da PalmPay da Kuda daga buɗe wa sababbin mutane asusu, ya ɗage dakatarwar a watan Yuni. A shekarar ce kuma hukumar inshorar ajiyar banki ta ɗaga abin da take lamunce wa mai ajiya a ƙaramin banki zuwa naira miliyan biyu. Kuɗin shanun mota guda ya ninka wannan adadi sau da yawa. Ga falken da yake barin kuɗin ciniki su kwana a asusun waya, sanin irin lasisin da kamfaninsa yake da shi, da abin da za a biya shi idan kamfanin ya karye, ya fi masa amfani nesa ba kusa ba a kan jin ƙiyasin biliyoyi.

6.0 Kammalawa

An ga cewa jaridun Ingilishi masu bibiyar jarin kasada sun yi aikin a yaba, amma mai jari suke fuskanta, kuma su kansu suna da alaƙa da jarin da ya kamata a riƙa bayyanawa. An kuma ga cewa idan labarin ya ratso zuwa Hausa, kalmomin “samu” da “daraja” da “zuba jari” suna sauya masa ma'ana ta yadda zai iya cutar da mai sauraro.

Gyaran yana da hannu biyu. Na farko na masana harshe ne. An yi irin wannan aiki a baya: littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace ya fito a 1990, na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu kuma a 1991. Fannin kuɗi yana bukatar makamancinsa, da sharaɗin a fara tattara kalmomin daga bakin dillalai da 'yan canji da fatake a kasuwanni irin na Mubi da Potiskum da Maigatari, kafin a zauna ƙirƙira a ofis. Ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, dukansu a Mubi, suna zaune ne a bakin wannan rijiya. Hannu na biyu na 'yan jarida ne: su rage dogaro ga fassarar sanarwa, su riƙa tambayar wa ya saya, nawa ya saya, wa zai ɗauki asara. Tambayoyi ne da kowane yaron dillali yake yi kafin a tafa hannu a kan saniya, kuma babu dalilin da zai sa a sassauta wa kamfanin da ke riƙe da kuɗin saniyar.